Tsohon firam ko sabon fenti: Lissafin da ke gaban mai keke a Damilu

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a unguwar Damilu da ke Jimeta kafin ƙarfe bakwai na safe zai ga kekuna suna fitowa daga lunguna ɗaya bayan ɗaya. Akwai na 'yan makaranta, akwai na masu kai burodi, akwai na leburorin da ke ɗaure shebur a jikin firam. A cikinsu kuma akwai wani iri da bai saba da ƙasar nan ba: keke mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, wanda aka ƙera domin tsere a kan lafiyayyar kwaltar Turai, ya tsufa a can, sannan ya ƙetaro teku a cikin kayan gwanjo. Sau da yawa wanda ke kansa ma'aikacin gwamnati ne, ya cusa ƙafar wando a cikin safa, ya ɗaure fayil a baya da robar tib, yana sauri ya isa Sakatariyar Tarayya kafin a ɗauke rajistar sa hannu.

Bayan shekara ɗaya ko biyu, irin wannan keke yakan fara magana. Cen yana tsalle idan aka taka da ƙarfi, giya ta ƙi shiga, birki ya yi ta kuka ba ya kamawa. Daga nan mai shi zai samu kansa tsakanin mashawarta biyu. Mai gyara zai ce a sauya kaza da kaza, keken zai dawo kamar jiya aka sauke shi daga jirgi. Mai shago a babbar kasuwar Jimeta zai ce zuba kuɗi a tsohon keke ɗiban ruwa ne da kwando, ga sabo fil a leda. Kowannensu yana da abin da zai ci a cikin shawarar da ya bayar, shi kuwa ma'aikacin albashi ɗaya gare shi.

Wanda ke zaune a ofis mai sanyi a Abuja zai iya ɗaukar wannan a matsayin ƙaramar magana. A Yola ba ƙarama ba ce. Tun zamanin Gwamna Murtala Nyako aka hana zirga-zirgar babura a cikin birnin saboda matsalar tsaro, abin da ya bar mai ƙaramin ƙarfi da zaɓi uku: Keke Napep, keken hawa, ko sayyada. Sai kuma ranar 29 ga Mayun 2023 ta zo, Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cewa tallafin mai ya tafi. Litar fetur da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce Naira 1,000. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, amma lissafin bai rufe ba: tsohon albashin yana sayen fiye da lita 150 a tsohon farashi, sabon kuwa bai kai ga lita 70 ba a lokacin da man ya yi tsananin tsada. Kuɗin Keke Napep ya bi sahun fetur. Ga akawu, masinja, mai gadi ko ma'aikacin ɗakin gwaji da ke matakin albashi na ƙasa, keken hawa shi ne bambanci tsakanin kai wa ƙarshen wata da cin bashi a tsakiyarsa.

Manyan ma'aikata za su tuna yadda aka yi wa marigayi Ojo Maduekwe dariya a 2001, lokacin da yake ministan sufuri, ya dage sai 'yan Najeriya sun koma hawan keke, har wata motar bas ta ture shi cikin kwata a Abuja. Waɗanda suka fi su shekaru za su tuna zamanin da rancen keke yake cikin haƙƙoƙin ƙaramin ma'aikaci, zamanin da malamin makaranta ke goge Raleigh ɗinsa kowace Juma'a, har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. Kuɗin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ne suka sauke ma'aikaci daga keke suka ɗora shi a babur da mota. Tsadar mai ta dawo da shi inda ya baro, sai dai a wannan karon babu masana'anta a Kano da zai dogara da ita, kusan kowane ƙarfe da ke jikin kekensa da Dala aka shigo da shi. Dalar da gwamnati ke sayarwa kusan Naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, kuma wannan tashin ya shafi sabon keke da kayan gyara baki ɗaya.

Ga mafi yawan masu irin wannan keke a Damilu, gyara ya fi saye. Amma kalmar gyara tana ɗauke da abubuwa biyu da ake cakuɗawa, kuma a wurin cakuɗawar kuɗi ke zurarewa. Akwai mayar da abin da ya cinye, akwai kuma ƙawata keke da kayan da suka fi ƙarfin aikinsa. Na farko wajibi ne, na biyu kuwa yawanci sha'awa ce da ta sanya rigar larura.

Shawara ta fara daga firam, domin shi ne keken. Sauran duk baƙi ne masu zuwa su tafi. A wanke shi tas, a kai shi rana, a duba mahaɗar ƙarafa a ƙarƙashin kai, da gindin sirdi, da wurin da feda ke juyawa. Siririn layi a jikin fenti wanda farce ke maƙalewa a cikinsa tsagewa ce. Idan firam ɗin na baƙin ƙarfe ne, ƙwararren mai walda zai iya ɗinke shi ya ci gaba da aiki shekaru. Idan na alminiyom ne, kamar yawancin kekunan tseren da ke shigowa gwanjo, labari ya sha bamban. Zafin walda yana raunana alminiyom a gefen ɗinkin, kuma ba ya dawo da ƙarfinsa sai an sake gasa firam ɗin gaba ɗaya a masana'anta, abin da babu shi a bakin titi. Ɗinkin zai yi kyau a ido, ya riƙe wata biyu ko uku, sannan ya balle ba tare da sallama ba, wataƙila a gangaren gada, ga tirela a baya. Maganaɗisu kaɗai ya isa ya raba gardama: yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama alminiyom. Firam na zaren kabon ya fi su duka haɗari a hannun wanda bai san tarihinsa ba, domin yakan tsage ta ciki fenti yana nan lafiya lau.

Idan firam ya tsallake wannan bincike, kuma girmansa ya dace da mai shi, to rabin shari'ar ta ƙare. Abin da ya rage shi ne cen, haƙoran baya, takalman birki, wayoyin birki da giya, boris da tayoyi, kuma duk waɗannan an yi su ne domin su cinye a sauya su.

Cen ya cancanci a daɗe a kansa, saboda shi ne ke jawo asarar da ta fi yawa, kuma shi ne mafi sauƙin aunawa. Tsakanin kowane fil biyu na sabon cen rabin inci ne daidai, wato giɓi 24 suna ba da inci 12 cif. Rular ɗan firamare ta isa aikin. A ɗora farkonta a tsakiyar fil ɗaya, a duba inda alamar inci 12 ta faɗa. Idan ta faɗa a tsakiyar wani fil, cen lafiyarsa ƙalau. Idan fil ɗin ya wuce alamar da kashi ɗaya cikin 16 na inci, lokacin sauya cen ya yi. Idan ya wuce da kashi ɗaya cikin 8, an makara: cen ɗin ya riga ya cinye haƙoran baya zuwa siffarsa, kuma sabon cen zai yi ta tsalle a kansu har sai an sauya su su ma. Wanda ya sauya cen a kan lokaci zai iya cinye cen biyu ko uku a kan haƙora ɗaya. Wanda ya bari sai keken ya yi kuka, zai sayi cen da haƙoran baya, wani lokaci har da farantin gaba, a rana ɗaya, sannan ya fita yana cewa tsohon keke ba ya gyaruwa.

A Damilu cen yana cinyewa da sauri fiye da yadda masu ƙera shi suka zata. Unguwar tana ƙasa-ƙasa kusa da fadamar Binuwai, lungunanta yashi ne da rani, taɓo da damina, ga ƙurar hunturu a tsakani. Al'adar da aka saba, ta kwarara wa cen baƙin man inji har yana ɗiga, ita ce ke ƙarasa shi. Man yana kama yashi, su haɗu su zama wani abu kamar dutsen wasa wuƙa da ke cin ƙarfe a kowane juyi. Abin da cen ke so shi ne a goge shi da tsumma, a ɗiga ɗan mai kaɗan a kan kowace gaɓa, a sake gogewa har wajensa ya bushe. Keken da ya ratsa ruwan ambaliya kuma, irin wanda mutanen Jambutu da Damilu suka sani duk shekarar da kogi ya cika, yana buƙatar a buɗe cibiyoyin tayoyinsa da ta feda a wanke a sa sabon giris, ko da kuwa yana juyawa lafiya a ranar. Tsatsa ba ta gaggawa.

Sai taya, inda tarko yake ga wanda bai sani ba. Keken tsere na zamani yana amfani da rim mai faɗin milimita 622, wanda ake rubuta wa 700C. Tsohon keke irin na Raleigh da Phoenix da Hero yana amfani da mai milimita 635. Dukansu biyu akan kira su inci 28 a kasuwa, amma tayar wannan ba ta zama a rim ɗin wancan. Lambar da ke rubuce a gefen tsohuwar taya ita ce abin dogaro, ba bakin yaron shago ba. Haka bawul: siririn bawul na keken tsere ba ya shiga bakin famfon mai faci da ya saba da na mota da babur, sai da ɗan ƙaramin mahaɗi, wanda ya kamata ya zauna a aljihun mai keke kamar makullin gida.

A nan ne kaɗai ƙarin kuɗi ke da hujja mai ƙarfi. Tayar milimita 23 ko 25 da keken ya zo da ita an yi ta ne domin kwalta mai santsi. A yashi nutsewa take yi, a rami kuma takan tsunkule tib. Idan firam da birki suna da sarari, tayar milimita 28 ko ma 32 za ta sauya halin keken fiye da duk wani ƙarfe mai sheƙi da za a ɗaura masa. Tana ɗaukar iska mai yawa, tana shanye girgiza, tana rage zuwa wurin mai faci. Bayan taya, sai takalman birki masu kyau, fitila gaba da baya, da sirdin da mutum zai iya zama a kai a zafin Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi a Yola ke haura 40.

Abin da ba shi da hujja shi ne ƙarin giya. Saurayin ma'aikaci zai ga bidiyo a wayarsa, ya ji cewa keke mai haƙora bakwai a baya tsohon yayi ne, na goma ko sha ɗaya ake yi yanzu. Abin da bidiyon bai gaya masa ba shi ne kayan suna tafiya ne a ayari. Cen na giya shida, bakwai da takwas kusan faɗinsu ɗaya, shi ya sa ake samunsu cikin sauƙi. Daga tara zuwa sama cen yana ƙara sirancewa, kowane mataki da nasa. Wanda ya sauya haƙoran baya dole ya sauya cen, ya sauya hannun giya, wanda a keken tsere haɗe yake da hannun birki kuma yana cikin mafi tsadar kayan keken, wani lokaci ma sai ya sauya tayar baya dungurungum domin cibiyarta ba ta karɓar sabbin haƙoran. Kamfanin Shimano na Japan, wanda kayansa ke jikin yawancin kekunan nan, yana ƙera kowane rukuni ne domin ya yi aiki da 'yan'uwansa. A ƙarshe mutum ya kashe abin da ya kusa kuɗin wani keken, ya samu cen mafi siranta da yashi zai fi saurin ci, wanda kuma idan ya tsinke sai an aika Kano ko Legas. Duk wannan a garin da yawancin hanyoyinsa shimfiɗaɗɗu ne, tudun da ma'aikaci ke hawa kullum bai wuce gadojin sama da gwamnatin Ahmadu Umaru Fintiri ta gina ba.

To sabon fa? Dole a yi wa mai shago adalci, domin akwai gaskiya a bakinsa. Kayan gyara na jabu sun cika kasuwa, an buga musu sunan manyan kamfanoni, cen da ya kamata ya yi shekara sai ya miƙe cikin wata biyu. Akwai kuma lokaci: ma'aikacin da ke tura keke zuwa ofis sau biyu a wata yana biyan wani farashi a idon shugabansa wanda ba a rubuta shi a rasit. Mutumin da ya gaji da wannan ya ce zai sayi sabo ya huta, ba wauta ya yi ba.

Sai dai a tambayi wane sabo. Kuɗin da ƙaramin ma'aikaci zai iya tarawa ba ya kaiwa ga sabon keken tsere na gaske. Yana kaiwa ne ga mai kama da shi. Fenti mai ɗaukar ido, sunan da ya yi kusa da na wani sanannen kamfani, sifirin a gaba da baya waɗanda nauyi kawai suke ƙarawa, da ƙarafa masu laushi da sukurorinsu ke lalacewa a kwancewar farko. Tsohon firam da wani kamfani mai mutunci ya ƙera shekaru ashirin da suka wuce, idan bai tsage ba, ya fi irin wannan sabon nesa ba kusa ba. Wanda ya sayar da na farko da arha domin ya cika kuɗin na biyu ya saki reshe ya kama ganye.

Akwai halaye da saye ya zama dole, kuma bai kamata son gyara ya rufe ido a kansu ba. Tsagaggen alminiyom ɗaya ne. Ƙarfen da ke riƙe tayar gaba idan ya lanƙwashe bayan karo, shi ma ba abin miƙewa da guduma ba ne. Sai girma: kayan gwanjo ba sa tambayar tsawon mai saye, kuma firam da aka yi wa dogon Bature ba zai taɓa zama daidai ga mutum matsakaici ba, ko nawa aka kashe masa, ciwon baya da na wuyan hannu za su ci gaba. Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa, shi ne aikin da ake so keken ya yi. Idan mai shi yana ajiye yaro a makaranta kafin ofis, yana ɗauko buhun masara ko jarkar ruwa a hanyar dawowa, to tun farko keken tsere kuskure ne. Yawancinsu ba su da ramukan ɗaura kariya, tayoyinsu ba su da yawan wayoyin da za su ɗauki lodi. Irin wannan mutum ya sayar, ya sayi baƙin keke mai giya ɗaya irin na iyayensa, wanda kowane mai gyara daga Doubeli zuwa Girei ya san cikinsa kuma kayansa suna rataye a kowace rumfa. Zai rasa sauri da ɗan kwarjini a wurin abokan aiki, amma zai daina kwana da tunanin inda zai samo tib.

Idan kuma jimillar gyaran dole, ba na sha'awa ba, ta kusa kuɗin wani keken gwanjo mai lafiya irin nasa, nan ma lissafi ya juya. Sharaɗin shi ne a sa mai gyara ya faɗi komai a zama ɗaya, a rubuta, maimakon a riƙa sauya abu ɗaya kowane wata ba a san inda za a tsaya ba.

Batun bashi ma yana nan. Ƙungiyoyin adashin ma'aikata da masu ba da rance a cire daga albashi sun sauƙaƙa sayen kaya, ga kuma hukumar lamunin masu saye, CREDICORP, da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2024 ta fara da ma'aikatanta. Samun rance cikin sauƙi yana sa sabo ya yi kama da mai arha, domin ana ganin abin da za a cire a wata ne, ba jimilla ba. Keke ya shigo rayuwar ma'aikacin nan ne domin ya toshe ɓarakar da kuɗin mota ke yi wa albashinsa. Idan aka buɗe wata ɓarakar ta shekara guda domin a sayi wani keken, an koma gidan jiya.

Hadiman 'yan majalisa da na ministoci suna da rabo a wannan magana, domin su ne ke rubuta takardun rabon kayan tallafi. Tun bayan cire tallafin mai, keke ya shiga jerin abubuwan da ake jerawa a fili a ɗauki hoto. Halin da ke sa akawu ya yar da firam mai lafiya saboda cen, shi ne ke sa ofis ya sayi sabbin kekuna ɗari ba tare da ware ko sisi domin kayan gyara ba. Sayen sabo yana da biki da kwangila, gyara ba shi da ko ɗaya. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ta bi wata hanya a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya: kekenta mai suna Buffalo baƙin ƙarfe ne mai sauƙin gyara, kariyarsa na ɗaukar kilo 100, kuma duk inda ta raba shi sai ta horar da masu gyara ta buɗe hanyar samun kayansa. Hadimin da ke son aikin maigidansa ya wuce ranar hoto zai iya rage adadin kekunan, ya sa ragowar kuɗin a horar da matasa da saya musu kayan aiki, ya kuma tabbatar cewa girman tayar da za a raba irin wanda ake samu ne a kasuwar garin.

Shugabannin ofisoshin tarayya a Yola su ma akwai abin da za su iya yi wanda bai kai kuɗin taron bita guda ba. Rana tana cin roba da sirdi, ɓarawo kuma yana son sabon fenti. Rumfar kwano a kusa da ɗakin masu gadi, da ƙarfen da aka kafe a siminti wanda za a iya zura sarƙa a ciki, da famfon iska guda ɗaya mai baki biyu a hannun mai gadi, sun isa. A halin yanzu yawancin kekunan ana jingina su ne a jikin bishiyar dalbejiya ko a ɗaure su a tagar ofis, mai shi yana leƙowa kowace sa'a.